Motar da Ta Ci Bijiman Baffa

Kubwa, Abuja

Zuwa ga Yaya Halimat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya maigidan? Da fatan damina ta zo muku da sauƙi.

Yaya, jikin Baffa sai addu'a. Likita ya ce wankin ƙodar nan ba a tsallake shi, shi kuwa Baffa kin san halinsa, ya rantse ba zai bar ruga ya koma Kubwa ba. Duk ranar asibiti a amalanke ake ɗora shi, bijimansa biyu su haye da shi rafi har bakin kwalta, ruwa na dukansa, ni ina jira da laima kamar sakarai. Wallahi na gaji da ganin wannan.

Shi ya sa na matsa masa ya sayar da bijiman, na cika kuɗin, na sayi mota wurin wani dila a Mararaba, Oga Zacharias. Doguwa ce mai fili a baya, Baffa zai miƙe ƙafa ya kwanta. Ba ta yi wata tafiya ba, kujerunta ko tabo babu. Abin da ya ja ni kuwa, irinta ƙafafu huɗu duka suna ja, laka ba ta riƙe ta. Na so in leƙa ƙarƙashinta, amma Juma'a ce, ina cikin farar shadda, ga idon jama'a. Na dai buga taya da ƙafa, na karɓi makulli.

Ki taya ni addu'a, ban da wata dabara bayan wannan.

Ƙaninki,
Hafizu

Kubwa, Abuja

Zuwa ga Yaya Halimat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Da fatan kowa lafiya.

Yaya, na shiga uku. Ranar Talata aka yi ruwa, na ɗauko Baffa, muna shiga bakin rafi motar ta kafe. Tayoyin gaba na ta watsa laka, na baya ko motsi ba su yi ba. Daga baya bakanike ya shiga ƙarƙashi ya ce an cire farfela, sandar ƙarfen da ke juya ƙafafun baya. Wai mai ita na dā ne ya cire don ta rage shan mai, haka mutane ke yi a garin nan. Oga Zacharias ya ce yadda ya same ta haka ya sayar, kuma sai an nemo ƙarfen daga Legas.

Na garzaya kara neman bijiman, aka ce tuni an loda su zuwa Kudu.

Ranar Talatar nan, kafin mu isa asibiti an riga an ba wani majinyaci gadon wankin. Ƙafafun Baffa sun kumbura, ga hadari kullum. Don girman Allah ki kira shi ki roƙe shi ya zo Kubwa, maganarki yake ji. Ni yanzu ba na iya kallon idonsa.

Da ya zage ni ma da na ji sauƙi. Lokacin da na goya shi zan haye rafin da ƙafa, bai ambaci motar ba. Ya dai sa baki a kunnena ya ce in bi ta hagu, nan ƙasa ta fi tauri, nan bijiman suke bi.

Ki yafe mini, ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Hafizu