Lambata a Cikin 'Yan Tsani

Litinin, 3 ga Maris
Wani ya yi kuskuren lamba, ya jefa ni gurup ɗin 'yan jam'iyyar Tsani a waya. Ni da hoton jam'iyyarmu ta Fitila ke manne a ƙofar shagona. Har zan fita, sai na ce bari dai in ga me suke ƙullawa.

Talata, 4 ga Maris
"Makafi" suke kiranmu. Mu kuma "tumaki" muke ce musu. Ko wa ya fara?

Alhamis, 6 ga Maris
Na karanta wa abokan hira a bakin shago saƙo biyu mafi muni. Cikin saƙo wajen ɗari fa. Sauran gaisuwa ce, da barkar haihuwa, da cigiyar makaniki. Waɗannan ban karanta ba. Tela ya ce, "Ai na gaya muku ba mutane ba ne." Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 8 ga Maris
Ashe mijin Yaya yana cikin gurup ɗin. Wai tsoro yake ji idan muka ci zaɓe. Tsoronmu? Mu da kullum muke kwana da fargabarsu? Abin ya ɗaure min kai. Shekara biyu ban taka gidansu ba, tun gardamar da muka yi a gaban Inna.

Laraba, 12 ga Maris
Magana zarar bunu. Tela ya kai abin da na karanta gaba, da gishiri. Matasanmu suka je gidan burodin wani ɗan Tsani suka fasa masa gilashi. Shi ko ɗaya cikin saƙonnin nan bai rubuta ba. Yau gurup ya cika da hoton tagar: "Kun ga halinsu." Har masu shiru sun yi zagi. Mutum goma sha ɗaya suka shiga sabbi.

Alhamis, 13 ga Maris
Ban buɗe shago ba. Ciwon kai.

Asabar, 15 ga Maris
Burodi kawai na je saye a gidan da aka fasa wa gilashi, nasu ya fi laushi. Na tarar da mijin Yaya ya zo taimako, shi kaɗai yana fama da falanki zai rufe tagar. Ya ce, "Ƙanina, riƙe min nan." Na riƙe. Ƙusa takwas ya buga, ba wanda ya ambaci zaɓe. Ya ce Yaya tana yawan tambayata. Na ce aiki ne ya yi yawa.

Fitila zan zaɓa, wannan ba canji. Burodi biyu dai na saya. Ɗaya ba na gidana ba ne.