Dambun da Khalilu Ya Kai Kan Dutse

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Ƙanena Khalilu ya turo saƙon murya, minti tara cur, duk a kan garin nan da yake zaune a Sifaniya. Shekara shida yana tsinkar zaitun a can, yanzu ba shi da zance sai farin gari a kan dutse. Wai Musulmi ne suka kafa shi tun zamanin da, kuma lambatun da suka haƙa har yau shi ke gangaro da ruwan ƙanƙara zuwa gonaki, kowane gida da ranarsa. To madalla. Ni na goye shi bayan rasuwar Innarmu, ban taɓa jin ya yabi garinmu na minti ɗaya ba.

Sai can ƙarshe ya faɗi abin da ke ransa. Takardunsa na zama sun fito, yana so matarsa Asama'u da yaran su bi shi. Yardata yake nema.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Asama'u ta zo taya ni tsigar gyaɗa. Ba ta ɗauko maganar ba, ni ma haka. Ta san in na ce a'a, Khalilu ba zai tsallake maganata ba. Garin da ake rataye cinyar alade a iska har ta bushe, nan za a kai min yara?

Asabar, 19 ga Oktoba
Wani saƙon. Farkon Nuwamba suke bikin kaka. Su hura wuta a dandali, su gasa wani ɗan itace mai kama da gurjiya, kowane gida ya fito da abincin kakanninsa. Nasu na alfahari migas, garin alkama ne ake juyawa da man zaitun da tafarnuwa, a zagaye kasko ɗaya kowa da cokalinsa. Maƙwabciyarsa, wata tsohuwa Dolores, ta ce bana shi ma ya kawo na gidansu, ya kuma tashi ya ba da tarihin garinsu.

"Yaya Sauda, don Allah yadda kike dambu. Kuma wa ya kafa garinmu?"

Na yi dariya. Daga baya na daina, don ban sani ba. Ga ni da shekara arba'in da bakwai a duniya.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Na je gun Gwaggo Hure. "Sai yau da Turawa suka tambaya?" in ji ta. Maganar ta yi min zafi. Amma ta faɗa. Kakan kakanmu Sabo marini ne, ya taso daga wajen Ɗambatta da jakuna uku, ya haƙa rijiyar bakin masallaci, ya gina karofi mai rami goma sha biyu a bayan kuka. Shekarar da aka yi yunwa, matarsa ta riƙe unguwa da dambun rama har damina ta faɗi. Shi ya sa muke sadakar dambu da sabon hatsi. Ni duk zatona al'ada ce kawai.

Na bi ta bayan kukar da zan dawo. Nan muke zubar da shara. Na tona da ƙafa, ga bakin rami ɗaya, har yanzu da shuɗi-shuɗi.

Talata, 22 ga Oktoba
Na ba Khalilu tarihin, na koya masa dambun ta bidiyo. Ba tsaki, sai kuskus. Ba madambaci, sai matsami a kan tukunya. Busasshen zogale da ƙuli dai yana da su, Asama'u ta aika masa bara. Ya ɗauko man zaitun, na ce ajiye, nemo man gyaɗa ko a fasa.

Na farko ya caɓe.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Bidiyon bikin ya iso. Ga Khalilu cikin shadda da hula, tsaye gaban wuta, yana zuba yarensu kamar a can aka yanke masa cibiya. Ban gane komai ba sai Sabo, Hure, da Sauda. Sunana a kan dutsen Sifaniya! An yi tafi. Tukunyar har ƙanzo suka kankare, wani tsoho ma ya zuba dambun cikin migas ɗinsa.

Sai Dolores ta karɓi wayar, Khalilu na fassara. Ta ce shekara shida tana ware masa kasko daban wanda alade bai taɓa shiga ba. Ta ce samarinsu duk sun gudu birni, yara takwas suka rage a makaranta, in ba a ƙaru ba za a rufe ta. Ta dafa ƙirji. Hannunta irin na Gwaggo.

Na kai wa Gwaggo ta gani sau uku. Ta ce hular ta karkace.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Mun share bayan kuka, ni da matan unguwa. Ramuka biyar sun fito.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Ban ce na yarda ba. Rakiya kawai na yi wa Asama'u zuwa Kano, hoton fasfon yara. Ƙaramin, Tahir, ya ƙi tsayawa sai da na riƙe shi ta baya inda ba za a gan ni ba. Da muka sauka a Ɗambatta na sai musu rigunan sanyi masu kauri, har da safa. Asama'u ta tsaya tana kallona. Na ce mata gani na yi sun yi kyau, shi ke nan, ta wuce mu tafi kar mota ta cika.