Ƙofar da Na So Toshewa

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya zafin Sakkwato? Ya ƙafar Baban Ummi?

Gidan da muka kama haya a cikin birni yana da araha, sai dai akwai 'yar ƙofa tsakaninmu da maƙwabta. Na ce wa maigidan a toshe ta, ba na son sa ido. Har ya sayo bulo.

Ranar Talata naƙuda ta taso mini ba ya gida. Maƙwabciyarmu Inna Asabe ta ji nishina, ta shigo ta ƙofar nan. A hannunta na haifi 'ya mace, alhamdu lillahi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Bulon kuwa murhu muka yi da shi, a kai Inna take dafa mini ruwan wankan jego.

Ƙanwarki,
Hadiza