Kananzir ɗin Inna

Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna, yaya kuma zaman tsallaken iyaka, ƙasar mulkin Faransi? Mu nan Wagini lafiya lau.

Kananzir ɗin fitilar Inna bai tsallaka iyaka ba. Tun da Turawanmu da naku suka ɓata, aka hana fitar da shi. Sai na ɗura shi a salka kamar ruwan sha, na aza wa jaki. Ashe wari ba ya ɓoyuwa. Ɗan doka ya sunsuna, ya ƙwace har jakin.

Dabara ta ƙare mini, Yaya. Ku sa mu a addu'a, a gaida kowa. Ka lallashi Inna ta rataye fitilar. Tafiyar yini ɗaya ta gagari ɗanta.

Ƙaninka,
Mamman