Fallen Ashirin da Tara ga Fabrairu

4 ga Oktoba

Jan Biro,

Na amsa sallamarka, don sallama ta Allah ce. Lafiyata lau, sai dai kunnen da injinku ya cinye. Shi ya sa ba na riƙe waya, kar ka wahalar da kanka neman lamba.

Takardarka ta same ni a rumfata ta bakin gidan waya, inda nake sassaƙa hatimin roba shekara talatin da shida ke nan, tun ranar da aka kore ni daga maɗaba'a. Na karanta ta sau biyu. Ka ce ɗan Manaja zai rufe gidan a ƙarshen shekara, tsohon injin kuma masu sayen ƙarfe za su zo su kwance shi. Ka ce yana so a buga kalanda ta ƙarshe irin tamu ta da, mai yagewa, falle ɗaya rana ɗaya, kowace rana da labaranta a ƙasa. Wai ko falle guda ne yana so a jera da hannu a buga a tsohon inji, don tunawa. An duba ko'ina ba a sami wanda ya iya jera haruffan dalma ba sai ni. To madalla. Ashe har yanzu da tsohuwar zuma ake magani. Sai yau aka tuna?

Abin da ya ba ni dariya, har mai shayin da ke gefena ya tambaya ko lafiya, shi ne fallen da kuka zaɓa. Wai 29 ga Fabrairu, tunda baɗi tana da ita. Kai ko kunya ba ka ji.

Bari in tuna maka, tunda ku masu boko mantuwa gare ku. Aikinka ka rubuto labaran kowace rana, ka sa mata ranar mako, ka miƙo mini. Aikina in jera. In na buga gwaji, ka duba da jan bironka ka sa hannu. A waccan shekarar ka miƙo mini damin takardu da 29 ga Fabrairu a ciki, alhali shekarar ba ta da ita. Na jera, ka duba, ka sa hannu, aka buga, aka sayar. Mutane suka yage 28 suka ga 29, rediyo kuwa tana cewa yau ɗaya ga Maris. Daga nan har ƙarshen shekara ranar makon kowane falle ta goce da ɗaya. Buhu-buhu aka riƙa dawo mana da su. Manaja ya tara mu a ofis ya ce wa ya yi wannan aika-aika. Ka tsaya kana goge tabarau da gefen riga. Ya ce ai dama wanda bai je makaranta ba, ba a ba shi amanar kwanan wata. Ka ci gaba da goge tabarau.

Ban zauna a aji ba, gaskiya ne. Da shara na fara a gidan nan. A bakin akwatin haruffa na koyi baƙaƙe, a juye, kai ƙasa, tun kafin in san yadda suke a miƙe. Shi ya sa har yau da manyan baƙaƙe nake rubutu. Amma ba jahilin ne ya rubuta waccan takarda ba.

Ba zan zo ba. In kana so in sake tunani, ka rubuta da hannunka cewa kuskuren naka ne, ka sa hannu yadda ka sa a gwajin.

Ka gaida iyali, su ba su yi mini komai ba.

Na-Dalma

13 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Na-Dalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Labarin rasuwar uwar yara ya iso mini a makare. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ban manta yadda take aiko maka da abincin rana a kwano biyu ba, tana cewa ɗaya na ƙanenka mai tabarau ne.

Ka yi haƙuri da girman rubutuna. Yanar ido ta rufe mini ɗaya, ɗayan ma ta fara taɓa shi.

Abin da ka nema, ga shi. Kuskuren nawa ne. Ka san ba kowace shekara nake rubuta labaran daga farko ba. Damin wata tsohuwar shekara nake ɗaukowa in sabunta ranakun mako. A wancan karon na shekara mai ƙarin kwana na jawo daga kabad, ban lura ba, na bi na jera musu ranaku. A ofishin Manaja kuwa tsoro ne ya riƙe mini harshe. Na ce a raina gobe zan je in faɗa. Goben ce ta kai shekara talatin da shida. Na sa hannu a ƙasa da jan biro, kamar yadda ka umarta. Na kuma karanta wa ɗan Manaja wannan takarda kafin in rufe ta, ya ce in ka amince zai buga ta a bangon kalandar.

Yaya, ka zo ka ga injin. Yana nan a lungunsa na ƙarƙashin taga, an lulluɓe shi da tamfol. Da na jawo aljihun ƙananan baƙaƙe na akwatinka, warin tawada da kananzir ya taso, sai na ji kamar Mai Yanka, mai injin yanke takarda, zai leƙo daga bayan tulin takardu ya ce a ɗora ruwan shayi. Mu bakwai ne a ɗakin nan. Ni da kai muka rage.

Ranar 20 ga Nuwamba masu ƙarfe za su zo.

Ka huta lafiya. Ƙanenka,
Jan Biro

21 ga Oktoba

Jan Biro,

Sallama. Takardarka ta zo. Na gode da addu'ar da ka yi wa uwar yara.

Na ce ka rubuta, ka rubuta. Amma wa ya aike ka wajen ɗan Manaja? Ban yarda a buga komai a bangon kalanda ba. Magana ce tsakanina da kai, ba ta kasuwa ba.

Tunda ka tono tsohon zance, fallen nan har yau yana kaina kalma-kalma. Abin da hannu ya jera ba ya ɓacewa. Ka rubuta cewa duniya tana zagaye rana a kwana 365 da kusan awa shida, su ake tarawa shekara huɗu su cika kwana guda. Ka rubuta wani matuƙin jirgin ruwa da abinci ya yanke masa a wani tsibiri a 1504, ya duba littafinsa ya ga wata zai yi husufi a ranar, ya ce wa mutanen tsibirin in ba su ciyar da shi ba za a ɗauke musu wata. Mai Yanka ya ce wannan ai ɗan damfara ne ba matuƙi ba, kai kuma ka ce duk wanda ya riga ka sanin kalanda ya riga ka cin abinci. Ka rubuta girgizar ƙasar 1960 da ta kwantar da gari guda a bakin teku. Sai wanda na fi so, wata ƙasa can cikin ƙanƙara da ta rikita lissafinta har ta yi 30 ga Fabrairu a 1712. Ƙasa guda fa, da sarkinta da malamanta. Ban ga inda ka rubuta an kori kowa ba.

Ina tuna safiyoyin nan. Kafin a tayar da inji kai ka hau kan kujerarka mai ƙafa uku da bulo ɗaya, ka karanto mana labarin ranar da ƙarfi, mu kuma muna ta musu. Direban gidan ya rantse ba wanda ya taɓa taka duniyar wata, Mai Yanka ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku ya ce ya ba da shaida biyar. Duk abin da na sani na duniya a bakin teburin nan na ji shi, da kofin shayi a hannu. Makarantata ke nan. Ka ga rana ɗaya aka kore ni daga aiki da makaranta.

Batun zuwa, ƙafata tana ciwo, mota kuma ba ta yi mini. Amma ku ɗaga tamfol ɗin nan, laima yake tarawa. A ɗiga mai a haƙoran babbar ƙafar injin da ke hagu, a juya ta da hannu a hankali. Ba don ina zuwa ba. Ƙarfe ne mai mutunci, bai kamata ya tafi da tsatsa ba.

Ka gaida gida.

Na-Dalma

6 ga Nuwamba

Jan Biro,

Sallama. Yau kwana goma sha shida ba amsa. Kullum sai na leƙa wajen mai rarraba wasiƙu, har ya fara tsokanata wai ko budurwa na yi. In fushi ka yi, ka faɗa. In ciwo ne, ka sa a rubuto.

Takardarka mai jan biro tana aljihuna. Shekara talatin da shida nake jiran ta, na zaci in ta zo zan ji sanyi. Ta zo, sai ta zame mini ƙaya a ƙafa. Ga dalili. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai uwar yara, ita ma sai da ta yi kwana uku tana ajiye mini abinci ba magana.

Na gani. Ranar da ka miƙo damin, ina kaiwa ƙarshen Fabrairu na ga 29. Mutumin da ya jera kalanda ashirin da ɗoriya, yatsunsa ma sun san shekarar da ke da ita. Na zare fallen na nufo teburinka. Sai na tuna makon da ya wuce, da na ce maka shekarar wani yaƙi ba ta yi daidai da wadda muka buga bara ba. Ka ɗago kai ka ce, a gaban kowa, har da matan da ke naɗe takarda, "Yaya, kai dai jera abin da aka ba ka. Tunani a bar wa waɗanda suka je makaranta." Aka yi dariya. Na san kai wasa ka ɗauke shi.

Tsakanin akwatina da teburinka taku biyar ne. Na yi uku na juya. Na ce to, bari in jera abin da aka ba ni. Na jera shi kuwa da kyau, ban taɓa yin falle mai tsabtarsa ba. Na zaci a gwaji za ka gani ka ji kunya, ba ka gani ba. Na ce to in ta fashe kai za ta ci. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni nawa har daɓe na yi masa.

Ka ga ashe a ofishin Manaja ba kai kaɗai ka yi shiru ba. Kai kana da tabarau na gogewa, ni ba ni da shi, sai na riƙe fushi. Shi ya sa na hana a buga takardarka a bango. Rabin magana ce.

Ban ce abin da ka faɗa ranar nan daidai ne ba. Har gobe ba daidai ba ne, kuma shekarar yaƙin ni ke da gaskiya, ka je ka duba. Amma kai ma na bar ka da kaya shekara talatin da shida, rabinsu nawa ne. Ka yafe mini. Ban iya doguwar magana a irin wannan wuri ba.

Ka amsa.

Na-Dalma

11 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Na-Dalma,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa mai yawa. Ba fushi ba ne. Aikin ido aka yi mini, likita ya raba ni da takarda mako biyu. Jiya 'yata ta miƙo mini wasiƙunka biyu a haɗe. Daɓen ramin ya sa ni dariya har ta tsawata mini, wai zan warware ɗinki. Daga baya kuma ta tsawata mini a kan hawaye.

Na daɗe ina mamakin yadda idonka ya tsallake ranar nan. Ban taɓa gamsuwa ba, amma na ce wanda ya yi shiru ba shi da bakin tambaya. Maganar da ka ce na faɗa kuwa, wallahi ban tuna ta ba, kuma wannan ya fi ba ni kunya fiye da maganar kanta. Na yafe, Yaya. Ni ma a yafe mini. Shekarar yaƙin na duba, kai ke da gaskiya.

An ɗiga man, babbar ƙafa ta juya. Ga kwafin fallen, ko da ƙafar taka za ta yi sauƙi. A sama: LARABA, 29 GA FABRAIRU. A ƙasa labaran nan huɗu yadda ka zayyano su. Na ƙara na biyar, in ka amince: "A wata maɗaba'a, mutum biyu sun taɓa haɗuwa suka ƙara wa shekara kwana ɗaya."

Saura kwana tara.

Ka huta lafiya. Ƙanenka,
Jan Biro

14 ga Nuwamba

Jan Biro,

Sallama. Allah ya ƙara sauƙi.

Baɗi ranar Litinin za ta kama. Na ƙirga a yatsu sau uku, na sa mai shayi ma ya ƙirga. 29 ga Fabrairu Alhamis ce, ba Laraba ba. Ko idon ne bai gama warkewa ba, ko gwada ni kake yi, ban sani ba, kuma kar ka faɗa mini. Ni dai na faɗa maka.

Layi na biyar ya yi tsawo, amma bar shi, zan sama masa wuri.

Motar safe ta Asabar zan shigo. Ka gyara kafin in iso, ka sa hannu. Kar kowa ya taɓa mini akwati.

Yayanka,
Na-Dalma