Ƙullutun da kunka bizne

Zuwa ga Yaya Abdulrazak, a Azarori.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Hafsa da yara. Yaya jikin Inna? Ni lahiya lau nike a Rabat, sanyin ma na saba.

Ƙanwarmu Zali ta gaya mini ƙullutun da anka cire ma Inna a mama, wanda dokta ya sa cikin kwalba ya ce a kai Yamai a gwada, kun bizne shi bakin maƙabarta, wai naman mutum ba ya yawo cikin mota. Haba Yaya! Aikin da nike koyo ke nan. A labo, ɗakin gwaji, muna daskarar da naman cikin kakin kyandir, mu yanka shi kamar ɓawon albasa, mu rina, a duba da madubin likita. Nan kaɗai ake gane ko cutar kansa ce. Yanzu ƙasa ta cinye amsar.

Don Allah ka maida Inna wurin dokta, ko da za a sake yanka. Allah shi ba ta lahiya.

Kullum naman uwayen wasu nike dubawa. In anka ga hawayena, sai in ce maganin labo ne ke mini yaji.

Ƙanwarka,
Nafisa