Na kori matar da ke wanke mahaifiyata

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku ji ƙarshen zancen, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ina zaune a Minguettes, bayan garin Lyon, ni da Innata da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ina da butik, wato shagon atamfa, a Villeurbanne, in na rufe shi ba ci ba sha. Yayana da ke Sevran, kusa da Paris, shi ya ce in kwantar da hankalina, akwai wata mata 'yar ƙasar Chili da ke share masa shago, 'yar'uwarta tana Lyon tana neman aiki. Shi da bakinsa ya ce: "Ki ɗauke ta, mutanen nan ba su san gajiya ba." Ta Lyon ɗin sunanta Rosa, ta gudo ne bayan sojojin ƙasarsu sun tafi da mijinta. Ran Laraba ta fara zuwa, sai Inna ta sa mata suna Laraba. Ita ke yi wa Inna wanka, ta juya ta, ta kwashe kashi da fitsari. Ba Hausa a bakinta sai "sannu" da "ci kaɗan", amma sai ka ji su a ɗaki suna ta dariya. Har kunun tsamiya ta koya.

Ga inda laifina yake. Kun san yadda mutanenmu ke zancen waɗannan baƙi a wajen suna da biki: ɓarayi ne, 'yan ƙwaya ne, ba su da tsarki. Alhali su ke share mana shaguna, su ke goge ofisoshin Turawan da ke faɗin irin wannan magana a kanmu mu ma. Ni ma ina cikin masu gyaɗa kai. In mata suka kira tarho Inna ta ce "Laraba ta yi mini kitso", sai su ɗauka wata 'yar dangi ce daga Damagaram, ni kuma ba na gyara musu, sai dai in yi ta karɓar "Allah Ya yi miki albarka". Ranar da baƙi za su zo nakan ba Rosa hutu.

Sai wata Hajiya, aminiyar matar Yaya, ta sauko daga jirgin Paris ba sanarwa, ta tarar da Rosa tana shafa wa Inna mai, ga sakandami, gicciyen Kiristoci, a wuyanta. Kafin mako ya zagayo zance ya gama Sevran. Na kira Yaya ina kuka, ina zaton zai tare mini. Kun san abin da ya faɗa wa mutanen da ke wajensa, ina ji ta tarho? "Wallahi ban san da ita ba. Yarinyar nan ce ta kawo kafira tana taɓa mana uwa." Shi da ya ba ni ita! Shi da bai taɓa ɗaga Inna daga gado ko sau ɗaya ba, kuma har yau 'yar'uwar Rosa ke share masa shago! Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma maimakon in huce a kansa, sai na huce a kan marar gata. Na tare Rosa a bakin asansar, lif ɗin benenmu, na ce kar ta ƙara zuwa. Ta tambaye ni da Faransanci: "Madam, me na yi?" Na ce: "Irinku ba a yarda da ku." Ta miƙo mini makulli, ta ce in tuna Inna ba ta son ruwa mai zafi sosai.

Tun ranar Inna ta juya fuska bango. In na kawo kunu sai ta datse baki, ta ce: "Ina Laraba?" Ta rame, bayanta ya fara gyambo, likita ya ce in ba ta ci ba asibiti za a kai ta. Matan da suka yi ta salati a kan zancen Rosa kuwa, ba wadda ta zo ta kama mini ko zane. Yaya ya ce in Rosa ta sake taka gidan, ba shi ba ni.

Na san benen da take zaune, daga tagarmu ina hango shi. In na je, da wane ido zan dube ta? In ban je ba, uwata ce ke ƙarewa a gabana. Jiya Inna ta riƙe hannuna ta ce: "Ke kika kore ta, ko?"

Jama'a, me zan yi?